Nargis: Jarumar da ta gaji labarin barin gida daga mahaifinta

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Sabon Ibadan lokacin da gidan silima na Scala ke tashe, ko ya taɓa bin layin tikiti a Marhaba ko Plaza a Kano, zai iya tuna Ɗan Daba Mai Lasin. Laƙabin da Hausawa 'yan kallo suka raɗa wa jarumin Indiya Sanjay Dutt ke nan, kamar yadda suka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka kira Rishi Kapoor Mace. Abin da yawancin matasan wancan zamani ba su lura da shi ba shi ne, tsohuwar nan mai jan garma a cikin Mother India, wadda ta sa iyayensu hawaye, ita ce ta haifi Ɗan Daba Mai Lasin. Sunanta Nargis. Ta rasu ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51.

Sabo unguwa ce ta baƙi. A 1916 aka keɓe ta domin Hausawa fatake masu safarar shanu zuwa kudu da goro zuwa arewa, kuma lokacin da masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna cikinta a farkon shekarun 1960, mutum dubu huɗu da 'yan kai ne a ciki, akasarinsu sun baro garuruwansu da iyayensu. A wannan tsakanin ne finafinan Indiya, waɗanda Kwarori 'yan kasuwa suka fara shigowa da su Nijeriya a shekarun 1950, suka kama kasuwa. Ba a fassara su, 'yan kallo kuwa ba su jin Indiyanci, amma labarin wanda ya sa ƙafa ya bar gida, ko uba ya yarda ko bai yarda ba, labari ne da mutumin Sabo ke ganewa ba tare da tafinta ba. Rayuwar Nargis kanta a kan irin wannan labari ta ginu, tun kafin a haife ta.

Mahaifinta, Mohanchand Uttamchand Tyagi, wanda aka fi sani da Mohan Babu, ɗan masu dukiya ne daga Rawalpindi, garin da yanzu ke cikin Pakistan. Ɗan gidan Brahman ne, wato ajin da ya fi kowane daraja a tsarin addinin Hindu, kuma magajin arzikin gidansu. Marubuta tarihinta sun ruwaito cewa yana shirin tafiya Ingila karatun likita ne ya ji waƙar wata mata mai suna Jaddanbai, daga nan maganar tafiya ta sha ruwa. Jaddanbai Musulma ce, ta girme shi, tana da 'ya'ya maza biyu, Akhtar da Anwar, kuma ta fito ne daga zuriyar mata masu waƙa da rawa a zaurukan attajirai. Irin waɗannan mata, manya na kashe musu kuɗi ba ji ba gani, amma ba a kai kuɗin aurensu. Mai karatu Bahaushe ya san wannan hali sarai, domin haka muke yi wa maroƙa da makaɗa, haka kuma ake yi wa 'yan matan Kannywood har gobe. Mohan Babu ya Musulunta, ya ɗauki sunan Abdul Rashid, ya aure ta, danginsa suka juya masa baya.

A Kalkata aka haifi 'yarsu ranar 1 ga Yuni, 1929, aka raɗa mata suna Fatima Rashid. Nargis sunan fim ne, kalmar Farisanci ce da ke nufin wani fure. Ragamar gidan a hannun uwar take. Ta kwashi iyali zuwa Bombay, ta kafa kamfanin shirya fim nata na kanta, tana rubuta labari, tana tsara kiɗa, a zamanin da mace a wannan matsayi abin nunawa ce da yatsa. A fim ɗinta Talash-e-Haq na 1935 ta fara saka yarinyar, tana 'yar shekara shida. Nargis ta so ta zama likita, burin da mahaifinta ya ajiye, amma darakta Mehboob Khan, wanda ke da kusanci da gidan, ya shawo kanta ta fito jaruma a Taqdeer a 1943. Shekararta 14 a lokacin. Daga ranar kuwa ita ta zama jarin gidan, kuma an daɗe ana ci daga guminta.

Shekarar 1949 ce ta ɗaga ta, ita ce kuma ta raba ta da uwarta, wadda ta rasu a watan Afrilu. A shekarar aka saki Andaz na Mehboob Khan, inda ta fito a matsayin 'yar attajiri tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor, aka kuma saki Barsaat. Kafin nan ta riga ta fito a Aag na 1948, fim na farko da Raj Kapoor ya ba da umarni, a lokacin da sunanta ya fi nasa nauyi a kasuwa nesa ba kusa ba. Hoton da ya zama tambarin kamfanin R.K., na wani saurayi riƙe da goge a hannu ɗaya, budurwa ta langaɓe a ɗaya hannun, daga wata fitowarsu a Barsaat aka ɗauko shi. Finafinai 16 suka yi tare, ciki har da Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955. A Awaara lauya ta fito, tana kare saurayinta a gaban kotu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Fim ɗin ya yi farin jini a Tarayyar Sobiyet ta yadda da suka je Mosko a 1954 tare da ayarin 'yan fim ɗin Indiya, tarbar shugabanni aka yi musu.

Ba asiri ba ne cewa abin da ke tsakaninsu ya wuce aiki. Sai dai Raj Kapoor yana da mata, Krishna, wadda ya aura a 1946, kuma bai da niyyar rabuwa da ita. Nargis ta yi wajen shekara tara a wannan hali, tana zuba basira da lokaci, har ma da kuɗinta a cewar masu tarihinta, cikin kamfanin da ba ta da kaso a ciki, tana barin ayyukan wasu daraktoci suna wuce ta. Raj Kapoor magajin gida ne shi ma, ɗan fitaccen jarumi Prithviraj Kapoor, amma bai yi abin da Mohan Babu ya yi ba.

A ƙarshen wannan zama ne aka yi Chori Chori, a 1956, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne aka fi ganin ɓangaren Nargis da Mother India ya rufe: iya barkwanci. Fim ɗin, in da a Kano aka yi shi, wankiya za a kira shi. Asalinsa fim ɗin Amurka ne na 1934, It Happened One Night, wanda Frank Capra ya ba da umarni, Clark Gable da Claudette Colbert suka ja ragama, ya kuma lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar a dare ɗaya. Labarin wata shagwaɓaɓɓiyar magajiya ce da ta yi tsalle daga jirgin ruwan ubanta a Miami, ta hau bas zuwa New York wurin wani matuƙin jirgin sama da uban ya tsana, ta haɗu a hanya da wani ɗan jarida da aka kora daga aiki. Shi labari yake nema, ita kuma ba ta taɓa riƙe kuɗin mota da hannunta ba. Da dare ya kama su a masauki ɗaya, sai ya ɗaura igiya a tsakiyar ɗakin ya rataya bargo. A ƙarshe, da ɗan jaridar ya je wurin uban, bai nemi tukwicin dala 10,000 da aka sa ba, sai dala 39 da santi 60 da ya kashe mata a hanya. Wannan lissafi ne ya sa attajirin ya gane wanda ya dace da 'yarsa.

Kamfanin AVM na Madras ya ɗauki wannan ƙashin baya, darakta Anant Thakur ya sa masa tsoka irin ta Indiya. Nargis ta zama Kammo, 'yar hamshaƙin attajiri Girdharilal. Pran, wanda 'yan kallonmu suka sani da mugunta, ya zama Suman Kumar matuƙin jirgi mai kwaɗayin dukiya, Raj Kapoor kuma ya zama Sagar ɗan jarida. Tafiyar ta koma ta Bangalore, tukwicin ya koma rupi 125,000. Sauyin da ya fi muhimmanci ƙarami ne a ido. A fim ɗin Amurka, yarinyar ta riga ta ɗaura aure a ɓoye, uban yana neman a warware. A na Indiya, budurwa ce da ba a kai ga ɗaura mata aure ba, domin masu shirya fim sun san 'yan kallonsu ba za su lamunci matar aure tana yawo da wani ƙato a tasha ba, komai barkwancin. Kuma da Kammo ta dawo gida bayan kwana huɗu, ladabin da ta dawo da shi ne ya fara tausasa zuciyar uban. Na Amurka ya tsaya a kan 'yancin yarinya, na Indiya ya ƙare da sulhu tsakanin uba da 'ya. Sai aka ƙara waƙoƙi, waɗanda Shankar da Jaikishan suka tsara har suka ci kyautar Filmfare da su, da muryoyin Lata Mangeshkar da Manna Dey, da wata rawa da jaruman biyu suka yi kamar 'yan tsanar da ake ja da zare.

A ganina, masu kushe Kannywood da wankiya sukan tsaya ne a rabin magana. An ɗauko Khusufi na Ali Nuhu daga Taal, gaskiya ne, amma Indiyawan da ake kwaikwaya su ma sun ɗauko daga Amurka, Amurkawan kuma sun sake nasu fim ɗin a shekarar 1956 ɗin nan da sunan You Can't Run Away from It, Mahesh Bhatt ya sake maimaita shi a 1991 da Aamir Khan da Pooja Bhatt a Dil Hai Ke Manta Nahin. Inda ake bambanta shi ne sanin abin da za a cire da abin da za a ƙara domin mutanen gida. Masu Chori Chori sun san wannan. Da yawa daga cikin namu sukan ɗauko har da lambun furanni da ruwan saman.

Nargis ta taka Kammo da sakin jiki irin na wadda ta san gidan masu kuɗi ta ciki, ta kuma san abin da ake rasawa in an bar shi. Girman kan yarinyar da ke ba direban bas umarni kamar baran gidansu, da yadda yunwa da rashin kuɗi ke sauke ta sannu a hankali, duk ta yi su ba tare da ta mai da Kammo abin ƙi ba. Wannan ne fim na ƙarshe da suka ja tare da Raj Kapoor. A Jagte Raho, wanda ya fito a shekarar, fitowa ɗaya tak ta yi, a ƙarshe, tana zuba wa wani baƙauye ruwa bayan ya kwana yana neman abin da zai jiƙa maƙoshi a birni. Daga nan ba ta sake aiki a kamfanin R.K. ba.

Wurin tsohon maigidanta Mehboob Khan ta koma. Shi ma maimaici yake shiryawa, domin Mother India sabon zubi ne na fim ɗinsa Aurat na 1940, har ma Kanhaiyalal, wanda ya fito a matsayin Sukhilala mai ba da bashi da ruwa a na farko, shi ya sake fitowa a na biyu. Labarin ya faro ne daga bashin rupi 500 da aka ci domin bikin Radha, bashin da ya cinye gona da shanu da tukwane, ya kai mijin ga rasa hannayensa a ƙarƙashin dutse har ya gudu don kunya, ya bar ta da 'ya'ya. Nargis ba ta kai shekara 30 ba ta taka Radha tun daga amarci har tsufa. Raaj Kumar ne mijin, Rajendra Kumar da Sunil Dutt ne 'ya'yan. A ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya sace 'yar mutane, ko da yake 'yar azzalumin da ya talauta su ce. An saki fim ɗin a watan Oktoban 1957, ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, inda fim ɗin Italiya na Federico Fellini ya kayar da shi. Ita kuwa ta ci kyautar Filmfare, ta ci ta bikin finafinai na Karlovy Vary, gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a 1958.

Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka ba ya buƙatar a yi masa bayanin Sukhilala. Shi ya sa fim ɗin ya ƙi tsufa a ƙasar Hausa. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike kan gidajen silima na Kano a shekarun 1990, ya tarar ana nuna shi kusan shekara 40 bayan fitowarsa, 'yan kallo na rera waƙoƙin tare da jarumai, suna riga su faɗin maganganunsu.

Ana cikin ɗaukar wannan fim, a watan Maris na 1957, a wani ƙauye kusa da Surat a yankin Gujarat, aka cinna wa tarin ciyawa wuta domin wata fitowa, iska ta juya, wuta ta yi wa Nargis ƙawanya. Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita, shi ya ƙone sosai, ita ta yi jinyarsa. A lokacin shi ba kowa ba ne. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta raba danginsa da garinsu a yankin Jhelum, ya zo Bombay ya yi aikin akawu a kamfanin motocin bas na birnin, ya yi aikin hira da taurari a Rediyon Ceylon, kafin ya samu shiga fim. Kwana biyar ta ba shi a haihuwa. Abin mamaki, Hindu ne daga reshen Brahman na Mohyal, reshen da mahaifinta ya fito. Sun yi aure ranar 11 ga Maris, 1958, ba tare da shagali ba. An yi ta tsegumi: tauraruwa ta auri talaka, Musulma ta auri Hindu, uwa a fim ta auri ɗanta. Ba ta tanka ba. Ta ajiye sana'ar tana kan ganiyarta, ta haifi Sanjay a 1959, sannan Namrata da Priya. Fitowarta ta ƙarshe mai nauyi ita ce Raat Aur Din na 1967, inda ta taka matar da ke fama da taɓin hankali mai raba mutum gida biyu, kuma da shi ta zama ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa.

Sauran shekarunta a hidimar jama'a suka tafi. Ita da mijinta suka kafa ƙungiyar Ajanta, wadda ke kai mawaƙa da 'yan wasa bakin iyaka su nishaɗantar da sojoji, suka kuma je Dhaka bayan yaƙin 1971 da ya haifar da Bangaladash. Ta zama uwar ƙungiyar da ke kula da yara masu lalurar shanyewar gaɓoɓi. A 1980 aka naɗa ta 'yar Majalisar Dattawan Indiya, cikin kujerun da shugaban ƙasa ke ware wa fitattun masu fasaha da ilimi, a zamanin Indira Gandhi, wadda suke ɗasawa da ita.

A majalisar ne ta yi maganar da har yau ake riƙe ta da ita. Ta soki Satyajit Ray, daraktan Pather Panchali, da cewa yana tallar talaucin Indiya ga Turawa domin ya samu kyaututtuka, maimakon ya nuna ci gaban ƙasar. 'Yan fim da marubuta suka yi mata ca. Ni ma ina ganin ta yi kuskure, kuma kuskuren ya fi ban mamaki daga bakin wadda duniya ta sani tana tono cikin taɓo tana neman abin da za ta ba 'ya'yanta. Amma duk wanda ya yi aiki a ma'aikata a Abuja ya san wannan murya. Ita ce ke tashi duk ranar da wani rahoto ko fim ya nuna almajirai ko asibitin da babu gado, a bar maganar gyara a koma maganar sunan ƙasa. Kujera takan sauya inda mutum ke kallo, ko da ya fito daga cikin abin da ake nunawa.

Ba ta daɗe a kujerar ba. A watan Agustan 1980 ta kwanta rashin lafiya a Delhi, aka fara zaton shawara ce, daga baya aka gano ciwon daji ne a cikinta. Sunil Dutt ya kai ta asibitin Sloan-Kettering a New York, inda aka yi mata tiyata fiye da sau ɗaya, ta yi dogon suma, ta farfaɗo, aka dawo da ita Bombay a farkon 1981. A wannan lokaci ɗanta Sanjay ya riga ya faɗa shaye-shayen ƙwaya, abin da ya daɗe yana fama da shi bayanta, yana kuma shirin fitowa a fim ɗinsa na farko, Rocky, wanda uban ya ba da umarni. Burinta shi ne ta ga ranar. Ta cika a asibitin Breach Candy saura 'yan kwanaki.

Mijinta ya kai ta maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan da ke Marine Lines, aka yi mata sutura irin ta addinin da aka haife ta a ciki. Daga baya ya kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji da sunanta, ya shiga majalisar wakilai a 1984, ya zama ministan matasa da wasanni a 2004, ya rasu a 2005, 'yarsu Priya ta gaji kujerarsa. Gwamnatin Indiya ta sa sunan Nargis a kyautar da a da ake ba fim ɗin da ya fi ƙarfafa haɗin kan ƙasa, ta kuma buga kan sarki da hotonta a 1993.

A daren da aka fara nuna Rocky, kwana huɗu bayan rasuwarta, Sunil Dutt da ɗansa sun zauna a gidan silimar da kujera ɗaya a tsakaninsu, ba kowa a kanta.